Gulbi Ɗaya, Ƙofa Daban-daban: Tarihin Maƙwabtakar Anka, Bukkuyum da Gummi

Daga Dutsi zuwa Birnin Zamfara

Kafin wani ya zana iyakar jiha ko ta ƙaramar hukuma a yammacin Zamfara, ruwa ne ya yanke inda mutane za su zauna. Gulbin Zamfara yana gangarowa daga gabas, ya ratsa ƙasar Anka, ya shiga ƙasar Bukkuyum, ya wuce ta Gummi, sannan ya nufi Jega ya haɗu da Gulbin Kabi. Can kudu kuma Gulbin Ka yana bin tasa hanyar zuwa yamma. A bakin gulaben akwai fadamar shinkafa da rake da albasa. Bayan fadama sai tudun gero da dawa, bayan tudu sai daji, inda makiyaya ke kai shanu, inda kuma duwatsu masu zinari suke. A wannan ɓangaren dajin ne ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da Sunke suka kafu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi mutum sama da rabin miliyan, a ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 8,000. A wurin manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, ƙasa ɗaya ce. A wurin masu mulki kuwa, kowane gari da ƙofar da yake bi zuwa sama, kuma wannan rabuwa tana da ranar da ta fara.

Abin da Zamfarawa ke faɗa game da asalinsu shi ne sun fara kafuwa a Dutsi, kusa da Zurmi ta yau, ƙarƙashin wani sarki da ake kira Dakka. An ce mutanen farko maharba ne, ƙatta, har yanzu ana nuna manyan kaburbura a can ana cewa nasu ne. An ce kuma wata sarauniya, 'Yargoje, ta yi mulki wajen ƙarni na 14, sannan an ce Bakurukuru ne ya gina Birnin Zamfara a wajen Isa. Duk wannan labarin baka ne da jerin sunayen sarakuna da fada ta adana. Shekarun da ake liƙa masa lissafin baya ne. Inda tarihi ya fara tsayawa da ƙafarsa shi ne ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, lokacin da ƙarfin Kabi, daular da Kanta ya kafa, ya fara ja da baya. Zamfara ta haɗa kai da Gobir da Azbin suka matsa wa Kabawa har suka bar Surame. Zamfara ta zama babbar daula tsakanin Katsina da Kabi, garuruwan gulbi suna kai gaisuwa wuri ɗaya.

1762: ranar da birni ya watse

Ƙawancen da ya karya Kabi shi ya jawo wa Zamfara ajalinta. Gobirawa, waɗanda Azbinawa ke matsa wa daga arewa, sun yi ta kwararowa cikin ƙasar Zamfara, aka ba su wurin zama. An ce gonar alƙalin Zamfara ce aka ba su, nan ne daga baya ya zama Alkalawa. Da baƙi suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya juya kan mai masauki, ya ci Birnin Zamfara wajen 1762. Sarkin Zamfara ya gudu Kiyawa. Daga nan sarautar ta shiga yawo, tana sauka tana tashi, shekara kusan sittin, kafin ta tsaya a Anka wajen 1820.

Sarautar ta tsira, amma ikon bai tsira ba. Garuruwan da a da suke ƙarƙashin birni ɗaya kowanne ya kama gabansa: ya gyara ganuwarsa, ya nemi wanda zai kai wa gaisuwa don a bar shi ya yi noma. Wannan watsattsiyar ƙasa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar sa'ad da ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, daga wajen 1786. Ana kawo cewa cikin abubuwan da ya roƙi Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a taron Idi na Magami har da sakin fursunoni, kuma Sarkin Zamfara Abarshi yana cikin waɗanda aka saka. Saboda haka da jihadi ya tashi a 1804, Zamfarawa suna da dalili biyu na bin Jama'ar Shehu: addini, da tsohon haushin Gobir. Sarkin Mafara da Sarkin Burmi da Sarkin Danko sun ba da hannu. Bayan asarar da aka yi a yaƙin Tsuntsuwa, a 1805 Shehu da mutanensa suka sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara, daga nan aka shirya yaƙin da ya ci Birnin Kabi.

Ƙawancen bai daɗe ba, kuma abin da ya raba su ba aƙida ba ce, hatsi ne. Rundunar dubban mutane da dabbobinsu ta sauka a ƙasar da yunwa ta riga ta taɓa. Mayaƙa suka shiga kwasar rumbunan ƙauye, abin da shugabannin jihadin da kansu suka yi tir da shi a rubuce-rubucensu. Garuruwan Zamfara da dama suka juya baya, aka koma yaƙarsu ɗaya bayan ɗaya. Ko da Alkalawa ta faɗi a 1808, Zamfara ba ta koma hannun Zamfarawa a dunƙule ba.

1817 zuwa 1903: kowa da ƙofarsa

Nan ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Kano da Katsina da Zazzau an ba kowace sarki ɗaya. Zamfara ba a yi mata haka ba. An mayar da ita bayan gidan Sakkwato: Anka da Gummi da Bukkuyum da Bakura da Talata Mafara da Gusau da Bunguɗu da Ƙauran Namoda da Zurmi, kowanne da sarkinsa, kowanne yana kai gaisuwa Sakkwato ta hannun wani babba a fadar Sarkin Musulmi, wato ƙofarsa. Sarkin Zamfaran Anka ya riƙe tsohon suna, amma ba shi da ta cewa a kan Sarkin Mafaran Gummi ko Sarkin Dankon Bukkuyum. A idon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, dabara ce mai ma'ana. Ya ga tawayen Abdussalami, ya ga na Banaga ɗan Bature, ga Gobirawa da Katsinawan Maraɗi suna jiran ƙofa daga arewa har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836. Zamfara dunƙulalliya a bayan Sakkwato haɗari ce. Ko a 1891 sai da Talata Mafara ta yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman tawaye. Amma abin da tsarin ya koya wa garuruwan shi ne zaman kishiyoyi: tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, amma kowace in tana da magana sai ta jira maigida.

Haɗin kan da aka samu a wannan ƙarni fatake ne suka ƙulla shi. Ɗaya daga cikin hanyoyin goro tsakanin Kano da Gwanja ta bi kwarin Gulbin Zamfara zuwa Jega, ta ƙetare kogin Kwara, ta ratsa Bargu zuwa Salaga. Gummi ta zama mazaunin Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan gidajen fataucin goro uku, tare da Agalawa da Tokarawa, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigi. Ayari mai ɗaruruwan jakuna ba ya tafiya da ka. Dole madugu ya san inda za a yi zango, nawa za a biya a fito, wane sarki ne zai ba da rakiya a wane daji. Jagaba yana gaba, uban dawaki yana karɓar kuɗin hanya daga fatake yana biyan masu gari. Sarkin da ya bari aka yi wa ayari fashi a ƙasarsa, ko ya tsawwala kuɗin fito, badi ayarin zai bi ta wani gari, kasuwarsa ta mutu, ta maƙwabcinsa na gaba ma ta ji a jikinta. Wannan tsoron asara ya sa garuruwan da ba su da majalisa ɗaya suka tsare hanya ɗaya.

Haka burtali. Shanun da ke gangarawa kudu zuwa ƙasar Zuru da Kwantagora da rani, su dawo da damina, suna ratsa ƙasar sarakuna da yawa. Ardo da sarkin noma da hakimin kowane gari sun san faɗin burtali da inda mashaya take, an kuma san cewa bayan girbi shanu za su shiga gona su ci kara su bar taki. Ba a rubuta ba, amma in an karya akwai wanda za a kai wa ƙara.

1903 zuwa 1960: hanya ta juya gabas

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Ba su rushe tsarin da suka tarar ba, ƙara masa takarda suka yi. Sarakunan Zamfara suka zama iyayen ƙasa a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Haraji da jangali su tafi baitulmalin Sakkwato, daga can a yanke ko za a gina asibiti ko makaranta, da kuma inda za a gina. Di'o yana zagaye, ya sauka Anka, ya wuce Bukkuyum, ya kwana Gummi, kowanne ya duba littafinsa daban.

Babban sauyin ma ba a ofis aka yi shi ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau jirgi. Salaga kuwa tun yaƙin basasar 1892 ta durƙushe. Hanyar ayari ta mutu. A 1929 reshen dogo daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda, kamfanonin auduga da gyaɗa suka kafa sikeli a can. Ƙasar da a da take kan babbar hanyar yamma ta wayi gari a ƙarshen layi. Kowane gari ya koma neman hanyar da za ta fitar da shi Gusau, ba wadda za ta haɗa shi da maƙwabcinsa ba. Har yau taswirar kwalta tana nuna haka: igiya ɗaya daga Mayanci zuwa Anka, zuwa Ɗaki Takwas, zuwa Gummi, ƙauyukan kudu kuma sai wanda Allah ya taimaka da damina. A shekarun 1930 an yi rububin haƙar zinari a lardin, Yaƙin Duniya na Biyu ya kwantar da shi, ramukan suka zauna suna jiran farashi.

1967 zuwa 1996: zamanin manyan tsare-tsare

Bayan mulkin kai aka shiga yanka ƙasa. Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kashe En'e, Anka da Gummi suka zama ƙananan hukumomi, Bukkuyum ta sami tata daga baya. A 1991 aka cire Kabi, Zuru da Jega suka koma wata jihar, iyaka ta ratsa tsakiyar burtali da kasuwa.

A wannan zamanin ne aka fara maganar tsara yanki da sunansa, wato a ɗauki gulbi daga tushe har bakinsa a yi masa shiri ɗaya. Tunanin daga Amurka ya samo asali, inda aka kafa hukumar kwarin kogin Tennessee a 1933. A 1973 Nijeriya ta kafa hukumar raya kwarin Sakkwato da Rima. Binciken da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gabatar a 1969 ya ba da shawarar a bi a hankali da madatsu matsakaita. Kuɗin man fetur ya zo, aka zaɓi babba. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talata Mafara, aka gama a 1978, tana riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450.

A takarda tsarin yanki ne. A ƙasa kuwa ba a zauna da kowa ba. Waɗanda ruwa ya ci garuruwansu an kai su tudun da ba ya noma. Waɗanda aka karɓi gonakinsu don a baje a yi magudanai sun yi damina bayan damina ba shuka, diyya tana tafiyar hawainiya. Na ƙasan madatsar kuma, masu jiran ambaliyar shekara ta jiƙa fadama, suka ga shinkafa da kifi sun ragu, ba ma a lissafa da su ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta amsa mutuwar mutane ƙalilan, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Bakolori ba ta ƙasar Anka ko Gummi, amma labarinta ya iso, kuma ya bar wa talakan yammacin Zamfara fahimtar cewa in manya suka zo da taswira, gonarsa ce a bakin wuƙa. Shirin raya noma na Gusau da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 shi ma kewayen Gusau ya tsaya. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ware wuraren kiwo, amma da yawa ba a tabbatar da su a doka ba, gonaki suka yi ta cinye su tare da burtali.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14. Murna ce ta gaske: bayan shekara sama da 230 sunan ya dawo kan taswira, iyayen ƙasa suka zama sarakunan yanka. Sai dai ƙofa ce ta tashi daga Sakkwato ta koma Gusau. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 7, ya ɗora wa ƙananan hukumomi shiga tsara tattalin arziki, har ya ce jiha ta kafa hukumar yin haka. Sashe na 162 kuma ya zuba kuɗinsu a asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Shugaban ƙaramar hukumar da albashin ma'aikatansa ke Gusau, me zai kai shi Bukkuyum neman shawara? Hatta mazaɓun tarayya sun raba su: Gummi da Bukkuyum kujera ɗaya, Anka an haɗa ta da Talata Mafara.

2010: dalma ta tilasta zama tare

Farashin zinari a duniya ya yi ta hawa har ya wuce dala 1,200 kowace oza a 2010. Manoman da ke zaman rani suka koma tsofaffin ramuka. Ana fasa dutse a daji, a cika buhu, a ɗora wa babur a kawo gari. Injin niƙan da ya saba da masara da dawa aka juya shi niƙa dutse. A cikin gida mata suna daka a turmin da ake dakan fura, a wanke garin a kwano, a zuba zaiba ta kama zinarin, a shanya saura a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san cewa jijiyar dutsen da aka faɗa wa a wannan karon cike take da dalma.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kula ba. Sai yara: amai, ciwon ciki, shiɗewa, mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke bibiyar sanƙarau a yankin, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, magani kuma ba ya ci. Gwajin jini ya nuna gubar dalma. Da masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, suka tarar yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara ɗaya, ɗaya cikin huɗu ke nan. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali mizanin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne. Jimillar yaran da suka mutu ba ta gaza 400 ba.

Dutsen bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Buhu ɗaya zai fito daga rami a ƙasar Anka a niƙa shi a ƙasar Bukkuyum. Magani ma ba ya yiwuwa gari ɗaya: in aka ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin banza aka yi. Dole a share gari kafin a yi magani, dole kuma a fitar da niƙa daga gari kafin a share. Wannan ya tilasta abin da ba a taɓa yi ba. Masarautu suka ba da umurnin a kwashe injuna da shanya daga cikin gari. Ma'aikatar muhalli ta jiha da ma'aikatan ƙananan hukumomin biyu suka yi aiki a ayari ɗaya da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith. MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Aka jera ƙauyuka bisa tsananin guba, ba bisa wanda yake da ɗan majalisa ba: Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Duza da Sunke daga Oktoba 2010 zuwa Maris 2011.

Aikin da fartanya da shebur aka yi shi. Samarin garin da kansu ake ɗauka, su kankare saman ƙasar tsakar gida kamar faɗin yatsu uku, a zuba a buhu, a kai ramin da aka haƙa bayan gari a binne. Mai na'urar awo ya bi ya duba, in da saura a sake kankarewa, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Shiga gidan da mata ke kulle ba abu ne da baƙo zai yi da takardar Abuja ba. Da izinin maigida da bakin hakimi da liman aka shiga. Ma'aikacin da ya koyi aikin a 'Yargalma shi ne ya koyar a Sunke.

Bagega, wadda ta fi kowanne girma, ita ta nuna inda gizo ke saƙa. Kuɗinta daga Abuja za su fito. A Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, aka shiga jira, yara suna shaƙar ƙura. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da gangami a intanet, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka sa baki, kafin kuɗin suka fito a farkon 2013 aka share garin a shekarar. A ƙarshe an kwashe gurɓatacciyar ƙasa sama da kubik mita 27,000 daga gidaje 820 da wuraren niƙa a ƙauyuka takwas. MSF ta gwada yara 8,480 kafin ta miƙa aikin ga jiha a farkon 2022. Da irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, ƙwarewar Zamfara aka ɗauka aka kai can. A ganina, tun bayan mutuwar hanyar ayari ba a taɓa ɗaukar wannan yanki a matsayin abu ɗaya aka yi masa aiki mai kai da gindi kamar wannan ba. Abin takaicin shi ne ba a mayar da wannan zama ya zama hukuma mai ɗorewa ba. Da baƙi suka naɗe kayansu, kowa ya koma ƙofarsa.

2011 zuwa yau: daji ya haɗe, gari ya rabu

Tun ana kankare ƙasa a Sunke wata wutar ta kama. Satar shanu, rikicin gona da burtali, 'yan sa-kai masu yanke hukunci a kasuwa, ramuwar gayya, sannan garkuwa da mutane. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya lissafa mutum 6,319 da aka kashe a jihar tsakanin 2011 da 2019, da sama da 190,000 da aka raba da gidajensu. Dajin Sunke da na Bagega da Gando da Kuyambana a haɗe suke, suna miƙewa har Kabi da Neja da Kaduna. Ɗan bindiga a kan babur yana ratsa ƙananan hukumomi uku kafin azahar. Jami'in da ke binsa kuwa ikonsa yana ƙarewa a wani rafi. A Oktoban 2019 an kai wa sojoji hari a Sunke aka kashe tara. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, har filin da ake gina sabuwar fadar sarki ya zama sansani.

Matakan da aka ɗauka kusan duk daga sama suka sauko. An hana haƙar ma'adinai a Afrilun 2019, ba a ɗage ba sai Disamban 2024, haƙar kuwa ba ta tsaya ba, hannu kawai ta sauya. A Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar shanu da sayar da fetur a jarka. Kasuwa irin ta Nasarawar Burkullu, wadda ke ciyar da ƙauyukan ƙananan hukumomin uku, ta tsaya cik. Sulhu kuma, na gwamnati a 2016 da 2019 da wanda ƙauyuka ke yi da kansu su biya kuɗin noma, bai taɓa zama na yanki duka ba. Garin da ya biya ya sami damina ɗaya, maƙwabcinsa ya karɓi baƙin. A farkon Janairun 2022 aka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana uku ana kisa. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58, mazauna suka ce kusan 200.

An yi yunƙurin haɗa kai a matakin manya. Gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi a Satumban 2019 sun zauna da gwamnan can. Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ta bi baya. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar hukumar raya Arewa maso Yamma, kuma ranar 11 ga watan Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana jan ƙafa. A daminar shekarar ambaliya ta ci gidaje masu yawa a Gummi, ruwan da ya faro daga ƙasar maƙwabta na sama. A Satumba kuma kwalekwalen da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu na ƙetaren gulbi ya kife kusa da garin, gommai suka rasu.

Ba hukumar da ke Kano ko Abuja da za ta san wace mashaya ce aka toshe tsakanin Bukkuyum da Anka, ko wane mafitin gulbi ne ke buƙatar gada. Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Danko da Sarkin Mafaran Gummi sun sani, shugabannin ƙananan hukumomin uku ma sun sani. Tunda an buɗe haƙar zinari, injin niƙa zai sake neman hanyar komawa tsakar gida, kuma mutanen da suka iya auna ƙasa a 2010 suna nan da ransu a Anka da Bukkuyum. Ya kamata sarakunan nan da shugabannin su sa ranar zama tare, su fara da wurin niƙa dutse a bayan gari da hanyar Anka zuwa Bagega, kafin wata daminar ta sauka.